Babi na Biyar: Idon Kifi da Launin Ruwa

Kifi yana ganin launi. Mafi yawan kifayen da ke zaune a ruwa mara zurfi, inda hasken rana yake kaiwa, suna bambance ja da kore da shuɗi, wasunsu har suna ganin launin da idon ɗan Adam ba ya iya kamawa. Hausawa sun daɗe suna cewa “kifi na ganinka, mai jar koma”, suna nufin mutumin da ke zaton ya ɓoye nufinsa alhali an riga an gano shi. Binciken masana na shekaru ɗari da suka wuce ya nuna cewa karin maganar gaskiya ce har a zahirinta. Kifi yana ganin masunci, yana ganin komarsa, kuma idan ruwa ya kwanta yana ganin jan da ke jikinta. Amfanin wannan sani ga mai su ya rataya ne a kan gane wane kifi ke gani, a wane irin ruwa, kuma a wane lokaci.

Tafkunan yankin Yauri sun isa misali. Yaurin da ake nufi a nan ita ce ta wajen Matameye, a gundumar Kance ta jihar Damagaram, kudancin Nijar, ba Yaurin Kabi da ke bakin kogin Neja ba. Babu babban kogi a wannan yanki. Abin da ake da shi kwarin Korama ne da rassansa, inda ruwan ƙasa yake kusa, ake noman rake da lambu, ruwan sama kuma yake taruwa a fadamu da tafkuna. Wasu tafkunan suna ƙafewa kafin bazara, wasu suna kai wa wata damina, irin su Gidimuni da Lasuri da suka yi suna a jihar. Karfasa da tarwaɗa da gaiwa su ne kifayen da aka fi sani, sai giwan ruwa da ragon ruwa a tafkunan da aka zuba musu iri. Tafki ɗaya a irin wannan ƙasa yana sauya launi sau da dama a shekara, kuma duk sauyin yana canza abin da kifi ke gani.

Yadda idon kifi yake

Ginin idon kifi da na mutum asalinsu ɗaya. Haske yana shiga ta gaba, ya ratsa wani ƙwallo garau mai tattara shi, ya sauka a kan siririn tantanin da ya lulluɓe bangon ido ta ciki. Duk wanda ya taɓa cin kan kifi ya san wannan ƙwallo, shi ne ɗan farin abin nan mai tauri da ake tararwa a tsakiyar ido bayan an dafa. Na mutum a baje yake, kuma yana sauya kauri idan za a dubi nesa ko kusa. Na kifi a mulmule yake kamar dutsen ado, kuma matsar da shi ake yi gaba ko baya. Dalili shi ne a cikin ruwa fatar gaban ido ba ta iya karya haske kamar yadda take yi a iska, don haka duk aikin ya koma kan ƙwallon.

A jikin tantanin akwai ƙwayoyi iri biyu. Na farko masu siffar sanda ne, suna aiki a ɗan haske ƙalilan, amma ba su san launi ba, fari da baƙi da toka-toka kawai suke nunawa. Ana iya kiransu ƙwayoyin dare. Na biyu masu siffar mazurari ne, suna bukatar haske sosai, su ne ƙwayoyin launi. Kowane jinsi daga cikinsu yana da sashen hasken da ya fi ji, ƙwaƙwalwa kuma tana gwama saƙon wannan da na wancan ta fitar da launi. Idon da ke da jinsi ɗaya tak ba shi da abin gwamawa, saboda haka ba ya ganin launi. Mai jinsi biyu yana ganin wasu launuka, yana rikita wasu. Mutum jinsi uku gare shi, na shuɗi da na kore da na ja.

Kifaye sun sha bamban a nan. Jan kifin adon nan da ake kiwo cikin tulun gilashi jinsi huɗu gare shi, na huɗun yana jin hasken altarabayolet, wanda ke gaba da shunayya, inda ganin mutum ya tsaya. Christa Neumeyer ta Jami'ar Mainz a Jamus ta tabbatar da haka a 1992. Bas, kifin da masu fatsa a Amurka suka fi nema, jinsi biyu gare shi, na ja da na kore, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Illinois ya nuna yana rikita rawaya mai haske da fari, yana rikita shuɗi da baƙi. A 2011 masana a Ostareliya sun duba idon jinsin kifin shak 17, ba su sami ko ɗaya mai fiye da jinsi ɗaya na ƙwayoyin launi ba.

Yawancin kifaye ba su da fatar ido ta ƙiftawa, kuma ƙofar hasken idonsu ba ta tsukewa da buɗewa nan take kamar ta mutum. Dabararsu ita ce ƙwayoyin da kansu suke motsi. Da rana ƙwayoyin launi suna matsowa gaba, na dare su nutse cikin wani baƙin rufi. Da almuru sai a yi musaya. Wannan sauyi yakan ɗauki minti 20 zuwa awa guda, kuma yana cikin dalilan da suka sa asuba da magariba suke lokutan farauta a cikin ruwa, domin ƙananan kifaye suna tsakanin gani biyu, manya masu idon dare kuwa sun riga sun shirya.

Yadda aka tabbatar

A wajejen 1910 wani shahararren likitan ido na Jamus, Carl von Hess, ya yanke hukunci cewa kifi ba ya ganin launi sam, ƙarfin haske kawai yake bi. Wani matashin masanin dabbobi ɗan Ostiriya da ke aiki a Munik, Karl von Frisch, bai gamsu ba. Hujjarsa ta hankali ce: namijin kifi da yake yin ja ko rawaya a lokacin barbara, wa yake yi wa adon idan macen ba ta gani? Sai ya saba wa wasu ƙananan kifayen rafi samun abinci a wurin launi guda, daga baya ya ajiye wannan launi a tsakanin toka-toka iri-iri, daga mai haske har mai duhu, ba tare da abinci ba. Da ƙarfin haske kawai kifin ke bi, da ya rikita launin da tokar da ta yi daidai da shi. Bai rikita ba, ya nufi launinsa kai tsaye. Gardamar ta ɗauki shekaru, amma gwajin von Frisch ne ya tsaya, kuma a 1973 ya sami kyautar Nobel, mafi yawa saboda aikinsa a kan ƙudan zuma.

A shekarun 1960 aka sami na'urar da ke auna ƙwayar ido guda ɗaya, aka ga jinsunan ƙwayoyin launi a idon kifi ƙarara. Tun kafin nan George Wald na Jami'ar Harvard ya gano cewa kifayen ruwan daɗi da yawa suna amfani da wani nau'in bitamin A dabam da na kifayen teku, wanda ke karkatar da ganinsu zuwa wajen ja. Hikimar wannan tana bayyana idan aka dubi abin da ruwa ke yi wa haske.

Abin da ruwa ke yi wa haske

Hasken rana da ake gani fari haɗin launuka ne, su ne suke rarrabuwa a bakan gizo. Abu yana zama ja ne saboda yana mayar da jan haske yana shanye sauran. Idan babu jan haske a wurin, babu abin da zai mayar, sai ya koma baƙi. Ruwa kuwa matata ce, yana shanye wasu launuka kafin wasu.

A teku mai tsabta ja ne ke fara tafiya, kafin a kai mita 10 ya kusan ƙarewa. Ruwan goro yana biye, sannan rawaya, sannan kore. Shuɗi ne ke nutsawa har wajen mita 200. Wannan jeri shi ne ake yawan rubutawa a littattafai, amma na ruwa garau ne kaɗai. A ruwan da ya ɗauko laka ko ruɓaɓɓen ganye lissafin juyawa yake yi, shuɗi ne ke fara mutuwa, ja da ruwan goro su fi nisa. A ruwan da gansakuka ta cika, kore da rawaya ne suke saura. Wannan shi ya sa idon kifin ruwan daɗi ya karkata zuwa ja. Ba kuma zurfi kaɗai ake lissafawa ba, har da tazarar da ke tsakanin abu da idon kifi, domin hasken da ya sauka mita ɗaya ya kuma yi tafiyar mita biyu a kwance ya ratsa ruwan mita uku ke nan.

A tafkunan kwarin Korama shekara tana da fuska uku. Daga Yuli zuwa Satumba ƙoramu suna kwararo da laka daga gonaki, ruwa ya yi ja ko ruwan ƙasa, mutum ya tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ya ganin yatsunsa. A irin wannan ruwa gani bai wuce taki ɗaya ko biyu ba. Da kaka da farkon hunturu laka tana kwanciya, musamman a tafkin da bado da ciyawa suka kare shi daga iska, ruwa ya yi garau har ana hango ƙasa. Lokacin ne launi yake da tasiri mafi girma. Da bazara ruwa yana ja baya, shanu suna tattaka gefe, kashinsu yana zama taki, gansakuka ta yawaita, ruwa ya koma kore mai kauri. A kogin Neja ma akwai makamancin haka. A wajen Yaurin Kabi da tafkin Kainji ana samun cikowa biyu: farin ruwa mai laka na daminar kusa, da baƙin ruwa mai tsabta da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, bayan lakarsa ta kwanta a fadamun Mali.

Auna tsabtar ruwa ba ya bukatar na'ura. Farin murfin kwano da aka ɗaura wa igiya da dutse ya isa. A sake shi a hankali har ya ɓace wa ido, sai a auna igiyar. Wannan dabara ta wani malami ce ɗan Italiya, Angelo Secchi, tun 1865, kuma har yau masana ruwa da ita suke aiki. Haske mai amfani yakan kai ninki biyu zuwa uku na wannan zurfi.

Kowane kifi da abin dogaronsa

Karfasa kifin rana ce, kuma tana cikin masu ƙarfin ganin launi. Danginta suna da ƙwayoyin gado bakwai na sinadaran ganin launi, amma ba sa amfani da su duka a lokaci ɗaya. Karfasar Nilu tana 'yar ƙarama tana amfani da masu jin altarabayolet da shuɗi, waɗanda ke taimaka mata hango ƙananan halittun da take ci a saman ruwa. Idan ta girma sai ta koma ga masu jin kore da ja. Launi harshe ne a tsakaninsu. Namiji yana haƙa gurbi a ƙasan ruwa, jikinsa ya ɗauki ja, ya jira mace, kuma wanda aka rinjaya a faɗa launinsa yana sauyawa nan da nan. Kifin da ke magana da launi haka ba ya rasa ganin zare mai kauri ko inuwar mutum, shi ya sa babbar karfasa take da wuyar kamu a ruwa mai tsabta.

Giwan ruwa mafarauci ne na ɗan duhu. A bayan tantanin idonsa akwai wani shafi kamar madubi da ke mayar da haske ya sake ratsa ƙwayoyin gani, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Shi ne ke sa idon giwan ruwa yake walƙiya idan an haska shi. Abin da ke jan hankalinsa shi ne siffar ƙaramin kifi da motsinsa da ƙyallin ɓawonsa. Tsage kuwa mafaraucin ido ne na ruwa mai haske, yana kai wa duk abin da ya yi walƙiya hari. A 2014 masana a Afirka ta Kudu sun wallafa shaidar wani jinsin tsage yana tsalle daga ruwa yana cafke tsattsewa a cikin tashi, abin da ke nuna yadda kifi yake lura da abin da ke sama da ruwa.

Tarwaɗa tafiyarta daban. Idanunta ƙanana ne, kuma ta fi yawo da dare. Tana da gashin baki takwas cike da ƙwayoyin ɗanɗano, fatar jikinta ma tana ɗanɗana ruwa, kuma tana jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin halitta mai rai. Tana samun abinci a ruwan da ko mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Gaiwa ma haka take, ganinta rauni gare shi, da ƙamshi da motsin ruwa take aiki, kuma idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta da majina har ruwa ya dawo. Yauni ya fi su nisa. Yana fitar da ɗan lantarki mara ƙarfi ba tsayawa, ya kewaye jikinsa da shi, duk abin da ya shigo ciki sai ya ji. Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ne ya fara bayyana wannan a 1951, kuma a kan yauni ya yi aikin.

Launin jikin kifi ma shaida ne cewa ana kallonsa. Yawancin kifaye bayansu duhu, cikinsu fari, domin mai kallo daga sama ya haɗa su da duhun ƙasa, mai kallo daga ƙasa ya haɗa su da hasken sama. Akwai jinsin kurungu a kogin Neja da tafkin Cadi da ke iyo a rigingine, shi kuwa cikinsa ne baƙi.

Yawancin kifaye kuma suna da wani layi a gefen jiki, daga kai zuwa wutsiya, mai jin motsin ruwa. Da shi kifi yake sanin wucewar abu kusa da shi ko da dare, ko a cikin laka.

Abin da wannan ke nufi ga mai su

Ƙoto, wato abin da ake sa wa ƙugiya, shi ne farkon abin dubawa. A tafkunan Hausa an fi amfani da tana da gara da fara da ƙananan kifi da dunƙulen dusa. Irin wannan ƙoto da ƙamshi da motsi yake kira, launinsa na halitta ne, ba ya bukatar gyara. Ga tarwaɗa da gaiwa ƙamshi ne kan gaba, mai neman su da dare ko a ruwan damina ba shi da abin damuwa da launi. Maganar launi tana tasowa ne ga ƙoton roba ko na ƙarfe da ake ja cikin ruwa don giwan ruwa da tsage. A ruwa garau wanda ya yi kama da kifin wurin ya fi, wato mai ruwan azurfa ko fari da duhun baya. A ruwa mai laka abin da ake bukata shi ne ya fita daga launin ruwan, kuma baƙi ko ruwan goro mai ƙarfi sun fi yin haka. Da dare kifi daga ƙasa yake hango abu a kan hasken sama, saboda haka baƙi ya fi fari bayyana. A kowane hali, samun inda kifi yake da zurfin da yake shi ne na farko, sai motsin ƙoto da girmansa, sai bambancinsa da ruwa. Launi a ƙarshe yake zuwa, kuma yana raba gardama ne idan sauran sun daidaita.

Na biyu shi ne zare da raga. Kalli, ragar da ake shimfiɗawa kifi ya sarƙe a ciki, tana kamu ne gwargwadon yadda kifi ya kasa ganinta. Ragar auduga ta da mai kauri ce, ta fi aiki da dare ko a ruwa mai laka. Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙira a 1935, ya bazu a wuraren su na Afirka daga shekarun 1950 zuwa 1960, daga baya kuma ragar roba mai zare ɗaya garau ta zo, wadda ke kamu har da rana tsaka. Launin da ya fi ɓoye raga shi ne wanda ya yi kusa da na ruwan: kore-kore a ruwan gansakuka, ruwan ƙasa a ruwan laka. Akwai masu zaton jan zare yana ɓacewa a cikin ruwa. Ba ya ɓacewa. A teku mai zurfi baƙi yake komawa, a tafki mara zurfi kuwa yana nan jansa, kuma ja na cikin launukan da karfasa ta fi gani. Taru da birgi da koma ba su dogara da ɓuya sosai ba, domin kewayewa da rufewa suke yi, amma ko su saurin hannu da rashin hayaniya suke bukata.

Ragar da kifi ba ya gani tana da haɗari. Ba ta zaɓe, kuma idan ta tsinke ta zauna a ruwa shekaru tana kashe kifi ba mai ɗauka, domin roba ba ta ruɓewa. Senegal ta haramta irinta a dokarta ta su ta 1998. Nijar ma ta yi dokar su a watan Disamba na 1998, wadda ta hana kamun kifi da guba da nakiya, ma'aikatan gandun daji kuma su ke sa ido a kan tafkuna. A ƙaramin tafki rufaffe, raga mai ƙananan idanu ko gidan sauro suna iya kwashe 'ya'yan kifi na shekara guda cikin 'yan kwanaki.

Na uku shi ne masunci da kansa. Haske yana karyewa idan ya shiga ruwa daga iska, abin da Ibn Sahl ya lissafa a Bagadaza a wajejen 984, Ibn al-Haisam kuma ya yi dogon bayani a kansa a Kitab al-Manazir. Saboda wannan karyewa, kifi yana ganin duk duniyar sama ta cikin wata zagayayyiyar taga da ke bisa kansa, mai faɗin kusan digiri 97. Abin da ke tsaye da tsawo yana shiga tagar sarai, abin da ya yi ƙasa kusa da fuskar ruwa kuwa yana matsewa a gefenta ya dushe. Mutumin da ya tsaya cak a bakin gaɓa da farar riga ya bayyana, wanda ya tsuguna a jikin ciyawa da tufa mai duhu ya ɓuya. Inuwar da ta faɗa kan ruwa tana korar kifi, domin haka inuwar tsuntsu mai cin kifi take, don haka gara a fuskanci rana da a ba ta baya. Takun ƙafa da bugun kwale-kwale kuwa suna isa ga kifi ko bai ga kowa ba.

Na huɗu shi ne wata da fitila. Masunta a ƙasashe da yawa sun san kamun kalli yana raguwa a daren farin wata idan ruwa na da tsabta, domin kifi yana hango raga ya kauce. A tafkunan Tanganyika da Biktoriya da Kariba ana amfani da duhun wata ta wata hanya: ana kunna fitilu a kan ruwa, ƙananan halittu da ƙananan kifaye su taru, a ɗaga raga a kwashe. Akwai kuma inda gani ba ya aiki sam. A bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, dubban masunta suna faɗawa Matan Fada da koma da gora, ruwa ya dame ya zama laka, daga nan kamu ya koma na lalube da hannu da ƙafa. A wannan hali jar koma da baƙa duk ɗaya ne.

Masu kiwon kifi

Mai kiwo a kududdufi ko tanki shi ke zaɓa wa kifinsa haske. 'Ya'yan tarwaɗa sun fi girma a wuri mai duhu-duhu, haske mai ƙarfi yana tayar musu da hankali ya ƙara cizon juna da cin juna, shi ya sa ake rufe tankin ƙyanƙyasa. Karfasa kuwa da ido take cin abinci, da rana ake ba ta, kuma abincin da ya fita daga launin tanki ya fi saurin ɗaukuwa. Gwaje-gwajen da aka yi a Barazil sun nuna shuɗin haske yana rage firgitar karfasar Nilu, jan haske kuma yana sa ta saurin kai wa abinci baki.

Tsabtar ruwa da makomar kifi

Abin da ya faru a tafkin Biktoriya darasi ne. Akwai ɗaruruwan jinsunan dangin karfasa a cikinsa, kuma mace tana gane namijin jinsinta ta launinsa, wani ja wani shuɗi. A 1997 Ole Seehausen da abokan aikinsa sun nuna cewa a wuraren da ruwa ya gurɓace saboda sare daji da kwararar taki, launin maza ya dushe, mata sun daina bambancewa, jinsuna suna cakuɗewa suna raguwa. Laka mai yawa tana kuma hana haske isa ga tsirran ruwa, waɗanda su ne tushen abincin karfasa.

A kwarin Korama barazanar ita ce yashi da zaizayar ƙasa daga tudun da aka sare itatuwansa, da kacallar da ke mamaye bakin ruwa. Lakar damina ta 'yan watanni kifin wannan ƙasa ya saba da ita, tafkin da ya zauna a dame shekara duka kuwa yana rasa kifayen ido, ya bar tarwaɗa da gaiwa. Dasa itatuwa a gangare da barin ciyawa a gefen tafki suna cikin aikin su kamar yadda ɗinkin raga yake. Masuncin da ya fara duba ruwa kafin ya zaɓi raga, ya kuma san wane kifi ke bin ido wane ke bin hanci, zai fi kamu a yau, kuma zai bar wa tafkinsa irin da za a kama baɗi.